Yadda ake gasa yatsun kaza ba tare da alkama ba, ko da babu obin a gida

Uwargida, ba ƙafar kaza nake nufi ba. Yatsun kaza suna ne da Turawa suka ba tsokar ƙirjin kaza idan an yanka ta dogo-dogo kamar yatsa, aka tsoma a ƙwai, aka birkiɗa ta a garin busasshen biredi, sannan aka soya ko aka gasa. A gidanmu yara 'yan sanduna suke ce musu. A birni ana sayar da su a gidajen abinci na zamani, kuma kusan duk inda kika same su, da fulawa da biredi aka yi musu riga.

Ni dole ce ta koya mini yin su. Autana tun yana shekara uku ba ya rabuwa da gudawa da kumburin ciki, ga rama, ƙafafu kamar sillen kara. An ba shi maganin tsutsa, an ba shi jiƙe-jiƙe, har dai aka tura mu wani asibiti a birnin Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce jikinsa ba ya karɓar alkama, kuma maganin kawai shi ne a raba shi da ita. Mu kuwa a nan yankin Kura alkama amfanin rani ce, ana shuka ta da sanyi da ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga, a girbe ta da bazara, ta shiga kowane gida. Wata ƙaramar sallah muka je gidan yayata a birni, aka sayo wa yara wannan kaza a kwali, kowa ya ɗauka, shi aka ce kada ya taɓa. Bai yi kuka ba, ya dai koma bayan ƙofa ya tsuguna. Da muka dawo gida na fara gwadawa, na ƙona, na ɓata, na ciyar da karnukan unguwa, har hannuna ya faɗa.

Abin da ake gudu a cikin alkama

Sunansa gulutin. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa miƙewa idan kin ja shi. Yana cikin alkama da sha'ir da wata 'yar'uwarsu ta ƙasashen sanyi. Ga mai cutar da likitoci ke kira siliyak, duk lokacin da gulutin ya shiga ciki sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanji, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Shi ya sa yaro zai ci ya ƙoshi amma ba ya ƙiba, jininsa ya yi ƙasa, girmansa ya tsaya. Idan kina zargin haka a ɗanki, kada ki janye masa alkama da kanki kafin a gwada shi, domin gwajin ba ya nuna gaskiya sai yana cinta.

Biredi, gurasa, fanke, alkaki, funkaso, taliya, cincin, biskit da semobita duk alkama ce. Ɗanwaken talla ma yawanci da fulawa a ciki, lemon malti kuma da sha'ir ake yin sa. Amma gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, wake, gyaɗa da riɗi duk babu gulutin a cikinsu. Wato samun abin da zai maye gurbin fulawa ba shi ne wahalar ba, rumbunmu cike yake da shi. Wahalar ita ce hana alkama shigowa ta bayan gida: ta injin niƙa, ta rariya, ta turmi, ta hannun wadda ta gama kwaɓa fanke. Ƙa'idar da ake bi a duniya kafin a rubuta wa abinci cewa babu gulutin ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin miliyan, wato giram ɗaya a buhu mai kilo 50. Surukata ta sha ce mini, “Ke dai da tsirfa kike, ɗan wannan burbushin me zai yi masa?” Ni kuma in ce, “Inna, burbushin ne ke kwantar da shi kwana uku.” Sai da ta gani da idonta ta daina ba shi ɓallin gurasa a ɓoye.

Kayan aiki

Babbar tukunyar ƙarfe mai kauri, irin ta tuwon suna, da murfinta na ƙarfe wanda ba roba a hannunsa. Yashin rafi wankakke busasshe, wanda zai rufe gindin tukunyar kaurin yatsa biyu zuwa uku. Duwatsu uku masu tsayi ɗaya, ko gwangwanayen madara uku da aka cire wa takarda. Tiren silba da zai shiga tukunyar ya bar fili a gefe, in kina da ragar gashi ƙarama da za ta hau kansa ta fi. Kurfoti ko murhu, gawayi kamar rabin bokitin fenti, da mafici. Wuƙa mai kaifi, katakon yanka, kwanuka uku masu faɗi, kasko, turmi da taɓarya, rariya, cokali mai yatsu, da tsumma mai kauri na ɗaga murfi.

Rariya da turmi su ne abin lura. Rariyar da aka taɓa tankaɗe fulawa da ita ba ta fita tas, garin yana maƙalewa a bakin katakon. Ki sayi sabuwa ki ɗaura mata jan ƙyalle, kowa a gidan ya san ba ta aro ba ce. Turmin da ake surfa alkama a ciki shi ma ki bar shi. Ni ƙaramin turmin dakan yaji na ware. Kuma kada ki ce za ki kai wa mai gurasa ta sa miki a tanderunta, bangonsa duk alkama ce.

Mai obin na gas ko na lantarki ba ta buƙatar tukunya da yashi, sauran aikin duk ɗaya ne.

Kayan haɗi

Wannan awon na mutum huɗu ne, yana ba da sanduna 14 zuwa 16.

Tsokar ƙirjin kaza rabin kilo, wato ƙirjin kazar gidan gona guda ɗaya, ɓari biyu.
Kindirmo gwangwanin madara ɗaya.
Garin shinkafa rabin gwangwani.
Ƙwai biyu. Da damina na zabi uku sun isa, kuma sun fi riƙe riga.
Garin kwaki gwangwani ɗaya da rabi.
Garin ƙuli-ƙuli rabin gwangwani.
Man gyaɗa babban cokali huɗu.
Gishiri, tafarnuwa ƙwaya uku, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, masoro, dakakken barkono, da rabin lemon tsami.

Ba ki ga dunƙule da kori a jerin ba, da gangan ne. Wasu dunƙulen akwai alkama a haɗinsu, sai an karanta jikin kwalin a tabbatar, mu kuwa a ƙauye ɗai-ɗai muke saye a teburin mai shago, ba kwali ba takarda. Kori da yajin da ake ƙullawa a leda ba ki san da me aka ƙara musu auki ba. Ki daka naki. Idan kina son ɗanɗanon ya yi zurfi, ɗan gutsuren daddawar kalwa a daka da citta ya wadatar. Ƙuli-ƙuli da kindirmo kuma ki karɓa a hannun wadda kika sani, wadda za ki iya tambaya ko ta ƙara wani gari ta faɗa miki gaskiya.

1. Garin shinkafa, tun jiya

Ki wanke shinkafar tuwo, ki jiƙa ta awa biyu, ki tsane a kwando, ki baza a tire ta sha iska har ta daina manne wa hannu. Sai ki daka ki tankaɗe, ki mayar da tsakin turmi ki sake dakawa. Ki shanya garin ya bushe sosai. Rabin gwangwani ba wani aiki ba ne, amma ni nakan yi mudu guda in zuba a roba mai murfi.

Kada ki kai inji. Na taɓa aika yarinya da shinkafa, na ce ta tambaya ko an niƙa alkama. Mai injin ya ce mata, “Ki ce wa babarki na kaɗe shi tas.” Ya kaɗe ɗin, amma abin da ke cikin haƙoran inji ba ya fita da kaɗewa, kuma a jikin yaron muka gani. In babu shinkafa, garin masara mai laushi ko busasshen kamu da aka murje zai yi, muddin a gida aka daka.

2. Rigar waje

Nan ne daɗin abin yake, nan ne kuma na fi yin asara kafin in gane. Garin kwaki shi ya fi komai kama da garin biredi a baki, amma idan kika zuba shi yadda kika auno, za ki ci kamar kina tauna tsakuwa. Ki fara tsince shi, ki bushe, ki zuba a turmi ki ɗan ba shi taɓarya kamar sau ashirin, ba dakan lilis ba. Abin da ake so ƙwayarsa ta koma kamar ta tsakin masara mai laushi. In ya zama gari sosai rigar za ta yi tauri kamar fata, in ya yi manya ya ji wa yara ciwo a dasashi. Mai manja ya fi ba da kala mai kyau. Mai tsamin nan na ƙasar Yarabawa kuma tsaminsa yana fitowa a gashi, wasu na so, yarana ba sa so.

Ki zuba man gyaɗa cokali uku a kan garin, ki murza da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha, ya yi kamar yashin da aka yayyafa wa ruwa. Sai ki ɗora kasko a wuta kaɗan, ki zuba, kina juyawa ba tsayawa, minti huɗu zuwa biyar, har ya fara ƙamshi ya yi ruwan zuma mai haske. Ki juye a kwano nan take, in kika bar shi a kasko zai ci gaba da ƙonewa. Dalilin wannan suyar shi ne, kazar takan nuna kafin rigar ta yi ja. In ba ki ba rigar kala tun farko ba, za ki tsaya jiran ta yi ja har naman ya bushe ya zama kilishi.

Idan ya huce ki zuba garin ƙuli, gishiri rabin ƙaramin cokali, masoro da barkono daidai bakin masu ci. Kada ƙuli ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin, domin yana saurin ƙonewa, ƙonannensa kuma ɗaci ne da shi. In akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba a gidan, ki cire ƙulin ki sa riɗi cokali uku.

Ranar da babu garin kwaki, ƙanzo nake dakawa. Ƙanzon tuwon shinkafa ko na masara, wanda ya bushe ƙayau bai ƙone ba, a daka a tankaɗe da rariya mai manyan ido. Shi ba ya buƙatar suya, mai kawai za ki murza masa. Sai dai ki tabbata tuwon ba a ɗaure shi da semobita ko fulawa ba. Masu sha'awar dakakken konfiles kuma su sani yawancinsa akwai sha'ir a ciki.

3. Yankan kaza

Ki cire fata da kitse, ki zare tsokar daga ƙashi. A ƙarƙashin kowane ɓari akwai wata siririyar tsoka da ke ɓallewa da kanta, ita ce ta fi laushi. Tana da farar jijiya a tsakiya, ki kama bakin jijiyar da tsumma, ki danne tsokar da bayan wuƙa, ki ja ta fita. In kika bar ta, a wuta za ta tattare ta lanƙwasa sandar.

Sauran ƙirjin ki shimfiɗa a katako. Gefe ɗaya ya fi kauri, ki ɗan bubbuga shi da gindin kwalba har ya daidaita. Ki duba yadda zaren tsokar ya kwanta, ki yanka a gicciye ko a karkace, ba bin zaren ba, shi ne zai sa ta yi taushi a baki. Kowace sanda kaurin babban yatsanki, tsawon ɗan manuninki. Ki yi ƙoƙari su zo kai ɗaya, don in wata ta yi biyun wata, ƙaramar za ta ƙone babbar tana ɗanya.

Da kin gama ki wanke wuƙa da katako da hannunki da sabulu. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cutar amai da gudawa, kada ki yanka albasar ci a kan katakon nan kafin ya wanku.

In kazar Hausa gare ki, ki zaɓi budurwa ko ɗan zakaran da bai daɗe da fara cara ba. Tsohuwar da ta gama ƙwai ta farfesu ce. Ƙirjin kazar Hausa bai da yawa, sai kin haɗa da tsokar cinya, ko ki yanka biyu. Ta fi ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma sai kin bubbuga ta sosai. Ƙashi da fukafukai da wuya su tafi miyar dare.

4. Jiƙo

Ki daka tafarnuwa da citta su yi laushi, ki zuba a kindirmo, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya ba tozo, ki matse lemon tsami. Ki zuba naman ki cakuɗa, ki rufe. Tsamin nonon yana sassauta tsoka, gishirin kuma yana shiga ciki ya taimaka mata riƙe ruwanta a wuta.

Mai firji za ta iya barinsa awa huɗu, ko ya kwana. Mu da ba mu da shi, minti 30 zuwa 40 ne, kuma a sa kwanon cikin wani babba mai ruwan randa, a inuwa. Da zafin bazara kada ɗanyen nama ya kai awa ɗaya a waje, wato ki yanka kazar lokacin da kika shirya gashi, ba da safe don la'asar ba. Ga kazar Hausa, ki goga ɗanyar gwanda ƙaramin cokali ɗaya a cikin jiƙon. Kada ki ƙara a kan haka, na taɓa zuba ludayi guda naman ya koma kamar fate.

5. Haɗa wuta

Naman na jiƙo, ke kina wajen wuta. A tsakar gida za ki yi, ko a rumfa mai iska. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ki hura gawayin da kara ko ƙirare, ba da leda ko kalanzir ba, warinsu yana kama riga. Ki bari ya ruru har bayansa ya yi fari.

Ki zuba yashi a tukunya ki baje, ki kafa duwatsun nan uku, ki rufe, ki ɗora a wuta minti 20. Yashi da duwatsu su zama busassu ƙayau, jiƙaƙƙen dutse yana iya fashewa a wuta. Sabon yashi kuma ki fara ƙona shi shi kaɗai sau ɗaya, warin ƙasa ya fita. Nawa yana nan a tsohon bokiti, shi nake ta maimaitawa.

Ga yadda nake gane zafi ya kai: in barbaɗa ɗan garin shinkafa a murfin gwangwani in sa a kan duwatsun in rufe. In na buɗe bayan minti biyu na ga ya yi ruwan ƙasa mai haske, ya yi daidai. In yana nan fari, a ƙara fifita. In ya yi baƙi yana hayaƙi, a kwashe garwashi a jira. Mai obin ta kunna shi a digiri 200 tun minti 15 kafin ta sa nama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa nama a tukunyar da ba ta yi zafi ba: ruwansa zai fito ya jiƙa rigar, ki sami dafaffiyar kaza cikin kunun rogo.

6. Sa riga

Ki jera kwanuka uku: na farko garin shinkafa da ɗan gishiri, na biyu ƙwai da aka kaɗa da ruwa cokali ɗaya, na uku haɗin garin kwaki. Ki shafa wa tire ko raga sauran man.

Ki tsamo sanda, ki share nonon jikinta da yatsu, kada ya riƙa ɗiga. Ki birkiɗa ta a garin shinkafa, ki kakkaɓe. Ki tsoma a ƙwai, ki ɗaga ya tsiyaye. Ki kwantar da ita a garin kwaki, ki ɗebo ki rufe ta, ki danna da tafin hannu sama da ƙasa. Dannawar nan ita ce ke sa riga ta zauna. Hannun dama na busassun kwanuka, na hagu na ƙwai, in kika haɗa su yatsunki ne za su sha rigar, gari ya ƙare kaza na tsirara.

Kada ki tsallake garin shinkafa don ganin kamar ba ya komai. Shi ke shanye damshin nama har ƙwai ya sami abin kamawa. Duk wadda ta ce mini rigarta ta saɓule a wuta, in na bincika ko wannan ta tsallake, ko ba ta share nonon ba.

Ki jera su a tire, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin yatsa. In ba su shiga duka ba, ki yi zubi biyu. Ki bar su minti biyar zuwa goma rigar ta kama jiki. Ragowar gari da ƙwan da ɗanyen nama ya taɓa ba a ajiye su, ki kwaɓa su wuri ɗaya ki soya a kasko su nuna sosai, yaran da ke kewaye da ke za su cinye.

In babu ƙwai, ki dama garin shinkafa cokali biyu a sabon kindirmo rabin gwangwani ya yi kaurin ƙullun masa, ki yi amfani da shi a madadinsa. Rigar ba ta kai ta ƙwai ƙarfi ba, sai ki juya su a hankali.

7. Gashi

Ki ɗora tiren a kan duwatsu, kada ya taɓa yashi. Ki rufe, ki kwaso garwashi kamar rabin na ƙasa ki baza a kan murfi, ya fi yawa a gefe-gefe. Wutar sama ita ke busar da riga, ta ƙasa ita ke nunar da nama. Sannan ga abin da ya bambanta wannan da gashin kek: ki saƙala ɗan tsinke ko bakin cokali tsakanin murfi da tukunya, ya bar 'yar kafa. Kek yana son tururi, wannan ba ya so. In tururi bai sami hanyar fita ba zai taru a murfi ya ɗigo, rigar ta yi laɓo-laɓo. Wata shida ina fama da wannan kafin wata maƙwabciyata mai gashin kek na biki ta leƙo ta katanga ta ce, “Maman yara, ai kin toshe masa numfashi.”

Ki bar su minti 12 ba buɗewa. Sai ki ɗaga murfi da tsumma, a miƙe, ki kai shi gefe kafin ki karkata, don toka kada ta zuba ciki. Ki juya kowace sanda da cokali mai yatsu, ki fara zura shi ta ƙasa ki ɗan girgiza. In ta manne kada ki fizga, ki ba ta minti biyu za ta saki da kanta. Na tsakiya ki mayar da su gefe, na gefe su dawo tsakiya. Ki share gumin cikin murfi, ki mayar, ki ƙara minti 10 zuwa 15. A tukunya jimillar takan kai minti 22 zuwa 27, ya danganta da gawayi da iskar ranar. Da hunturu nakan kare kurfoti da tsohon kwanon rufi, in ba haka ba iska ta kwashe zafin. A obin minti 18 zuwa 20 ne, a juya a na goma.

In kin ga ƙasansu na ƙonewa sama na fari, wutar ƙasa ta yi yawa ko yashi ya yi kaɗan, ki rage garwashin ƙasa ki mayar sama. In kina jin ƙaurin gyaɗa tun kafin minti goma, ta sama ce ta yi yawa.

8. Gane ta nuna

Kalar riga ba shaida ba ce, tunda mun soya ta tun farko. Ki ɗauki wadda ta fi kauri ki raba ta biyu. Cikin ya zama fari har tsakiya, babu ja, babu sheƙin ɗanyen nama, ruwan da ke fita kuma garai yake. Tsokar cinya ta fi duhu ko ta nuna, ita ki duba ruwan da yadda zaren ke rabuwa. Mai ma'aunin zafi na girki ta soka a tsakiya, in ya nuna digiri 74 ta sauke. Da sun kai ki kwashe, minti biyar na ƙari ya isa ya busar da ƙirjin kaza.

9. Saukewa da ci

Ki kwashe su a kan raga ko faifai mai tsabta, ba a jibge ba, su sha iska minti biyar. A nan ne rigar ke ƙarasa yin rumus. Kada ki zuba su a kula ki rufe, ko ki ƙulle a leda, zufa za su yi duk wahalarki ta tashi a banza. In mai gida bai dawo ba, ki ajiye nasa a buɗe ƙarƙashin rariya saboda ƙuda.

Mu da yajin ƙuli na gida muke ci, da yankakken tumatir da albasa. Yara sun fi son kindirmo mai kauri da aka sa wa ɗan gishiri da tafarnuwa su riƙa dangwalawa, ko zuma da aka matsa wa lemon tsami. In ana so ya zama abincin rana, ki tura dankalin Hausa cikin tokar murhu tun lokacin da kika ɗora tukunya, tare za su nuna. Ki fara cire wa mai lalurar nasa a kwanonsa kafin a kawo biredi ko gurasa kusa, kuma a raba masa abin dangwale, don yara sukan tsoma gurasa a kwano ɗaya.

Abin da ya rage, in babu firji, a cinye shi cikin awa biyu, da zafi ma awa ɗaya. A firji yana kwana uku. Wajen ɗumamawa kada ki turara, ki sa a busasshen kasko a wuta kaɗan kina juyawa, ko ki mayar da shi tukunyar yashi minti takwas har cikinsa ya yi zafi sosai. In za ki yi zubi na biyu, ki ƙara sabon gawayi tun kina juya na farko, ki kuma kankare burbushin da ya manne a tire kafin ki jera wasu, don shi ne zai fara ƙonewa ya ba su ɗaci.